Kama Da Wane Ba Ta Wane: Zaɓen Manyan Tayoyi Domin Motar Ƙungiya

A tsakiyar daminar da ta wuce, a-kori-kurar wata ƙungiyar manoma da nake kai wa ziyara ta taso daga gari ɗauke da buhu 18 na takin zamani. Saura kaɗan ta shiga ƙauye sai ta tsaya cik. Inji bai mutu ba, taɓon kuwa bai kai ya hana mota wucewa ba. Abin da ya faru shi ne, tifofin da ke kwasar yashi sun haƙe hanyar, sun bar kwari biyu da kunya a tsakiya kamar gonar rogo. Motar ta hau kunyar nan da cikinta, ta zauna, ƙafafu suna ta juyawa a banza. Kafin a tara samari da fartanya da shebur hadari ya haɗu. Tamfol ɗin tsoho ne. Buhu 6 na yuriya suka sha ruwa, masu su kuwa bashi suka ci suka saya.

Da kaka ta yi aka sayar da masarar ƙungiya, sai taro ya yanke shawara cewa tun da tayoyin motar sun suɗe, to, a sayo waɗanda suka fi su tsayi. Aka aiki direba da sakatare birni su jiwo farashi. Suka komo da takarda mai lambobi biyar: 245/75R16, 265/70R16, 235/85R16, 265/75R16, da 285/75R16. Mai shagon ya ce musu huɗun farko duk ɗaya ne, su zaɓi wadda ta yi musu kyau a ido. Direba dai zuciyarsa tana kan ta biyar, gama ya gan ta a jikin motar wani ɗan kwangila. Ya ce motar nan sai ka ce giwa.

Mama ma'aji ce ta hana a fid da kuɗi ran nan. Ta dube ni ta ce, "Malam, in duk ɗaya ne, me ya sa kuɗinsu ba ɗaya ba?" Tambayar nan ce ta zaunar da mu da fensir da takarda har la'asar. Tun da yake ƙungiyoyinmu da dama suna da irin wannan mota, hanyoyinmu kuma duk halinsu ɗaya, na ga ya kamata in rubuta abin da muka gano.

Karatun gefen taya

Duk abin da muke so mu sani yana rubuce a gefen taya, sai dai da lambobi aka rubuta shi. Mu ɗauki 265/75R16. Lamba ta fari, 265, faɗin tayar ke nan da milimita. Ta ƙarshe, 16, girman wilin ƙarfen da za a sa ta ne, da inci. Harafin R yana nuna irin saƙar da ke cikinta, watau radiyal, wadda kamfanin Michelin ya fito da ita a 1946. Lambar tsakiya ita ce mai ruɗin mutane. Wannan 75 ba milimita ba ce, ba inci ba ce. Kashi ne cikin ɗari: tsayin gefen tayar, daga bakin wili zuwa inda take taka ƙasa, kashi 75 ne cikin 100 na faɗinta. Saboda haka 75 na taya mai faɗin 265 ya fi 75 na mai faɗin 245 tsayi, 85 na siririyar taya kuwa yana iya zama daidai da 75 na mai faɗi.

Ga lissafin, ɗan firamare ma zai iya. A ɗauki kashi 75 cikin 100 na 265, ya ba da 199. A ninka biyu, gama akwai gefe a sama akwai a ƙasa, 398 ke nan. Sa'an nan a ƙara girman wili: inci 16 milimita 406 ne. Jimla 804. Tsayin tayar ke nan daga ƙasa zuwa sama.

Motar da muke magana a kanta Toyota Hilux ce mai jan ƙafa huɗu, ta zo daga kamfani da taya 205R16C. Irin wannan rubutu ba ya nuna lambar tsakiya, akan ɗauke ta a kan 80, tsayin tayar ya kama milimita 734. Da muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya sai muka ga ashe ba huɗu ne masu kama ɗaya ba, tagwaye ne kashi biyu. 245/75R16 tana da 774, 265/70R16 tana da 777. Tagwayen fari ke nan, akan kira su 'yan inci 31 ko da yake ba su cika ba. 265/75R16 tana da 804, 235/85R16 tana da 806. Su ne tagwaye na biyu, 'yan inci 32. Ita kuwa giwar direba, 285/75R16, tana da 834, kusan inci 33. Lissafin takarda ne wannan. Tayar wani kamfani takan ɗara ta wani da 'yan milimita, mai manyan haƙora kuma takan ɗan fi mai ƙaramin zane.

Wanda wilin motarsa inci 15 ne zai gamu da wani irin rubutu, 31x10.50R15, watau tsayi inci 31, faɗi inci 10 da rabi, wili 15. 'Yar'uwar 265/70R16 ce a tsayi da faɗi, amma ba ta shiga wilin 16. Masu sababbin motoci da wili 17 kuma, 265/65R17 tana cikin dangin tagwayen fari, 265/70R17 tana cikin na biyu.

Rabi ake samu

Abin da ya zaunar da motar a kan kunya shi ne ƙullutun nan na tsakiyar aksul na baya, inda haƙoran da ke raba ƙarfi ga ƙafafun baya suke. Shi ya fi kome kusa da ƙasa. Waɗansu sukan ce a ƙara ganyen sifirin mota ta ɗaga. Lalle jikin motar zai ɗaga, amma ƙullutun yana nan inda yake, gama a kan taya yake zaune, ba a kan sifirin ba. Ba abin da ke ɗaga shi sai doguwar taya. A nan 'yan ƙungiya suna da gaskiya, ban kuwa yi musu da su ba.

Sai dai fa aksul a tsakiyar taya yake. In taya ta ƙara tsayi da milimita 40, rabi ya tafi sama cikin madigadi, rabi ne kaɗai ya ɗaga mota. Tagwayen fari za su ɗaga ta da milimita 20 zuwa 22, kimanin kaurin babban yatsa. Tagwaye na biyu milimita 35 ko 36, yatsu biyu ke nan. Giwar kuwa 50. Da na nuna wa taro wannan da yatsuna sai wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Ashe duk kuɗin nan yatsu biyu za mu saya?" Na ce, "I, Baba, yatsu biyu ne." Amma samarin da suka shiga ƙarƙashin motar ran nan sun ce abin da ya riƙe ta bai fi haka kauri ba.

Yanzu mu juya ga abin da ake biya, ban da kuɗin da ake miƙa wa mai shago. Duk wanda ya taɓa hawan tudu da keke mai giya ya san in ya sa babbar giya keke yana nisa da taku ɗaya, amma cinya ce ke gane kurenta. Haka doguwar taya take ga mota. Bisa lissafi, 205R16C tana juyawa sau 433 cikin kilomita ɗaya, 235/85R16 kuwa sau 395. Inji da giya ba su san an canja kome ba. Suna juya aksul yadda suka saba, amma kowane juyi yanzu sai ya tura motar da lodinta nesa fiye da dā. Ƙarfin da ke isa ƙasa yakan ragu gwargwadon tsayin da ya ƙaru: kimanin kashi 5 cikin 100 ga tagwayen fari, kashi 9 ga na biyu, kashi 12 ga giwar. A kan kwalta, mota ba kaya, da ƙyar za a ji bambanci. Inda ake ji shi ne wurin tashi da lodi a gindin tudu, direba yana wasa da kuloci har ya soma wari. Masu tsohon injin dizal marar turbo su za su fi ji a jikinsu. Ƙungiyoyin da ke hawa da sauka a duwatsun Filato, ko Mambila, ko tsaunukan Mandara, su riƙe wannan da kyau.

Birki ma haka abin yake. Ƙarfin kamunsa bai ƙaru ba, amma tayar da zai tsayar ta fi tsayi, ta fi nauyi. Mota mai lodi a gangare za ta bukaci fili fiye da dā kafin ta tsaya. Jikin motar kuma ya ɗan ƙara nisa da ƙasa, in an jibga buhuna sama sai ta fi yin tangaɗi a kwana. Nauyin kowace taya yana kan boris da shokozoba da ƙarafan sitiyari, su ne ke shan dukan gargada. Kada a ji kunyar ɗora taya a kan sikelin da muke auna hatsi kafin a saya. Tsakanin 235/85R16 da 265/75R16 na kamfani ɗaya akan sami bambancin kilo 2 ko 3, giwar kuma ta ɗara haka.

Ya kamata in faɗi gaskiya a nan. Masu sana'ar taya sukan ba da shawara kada a wuce kashi 3 cikin 100 na tsayin da mota ta zo da shi. Duka biyar ɗin nan sun wuce wannan ga motar da ta zo da 205R16C. Wanda motarsa sabuwa ce, tana ƙarƙashin garantin kamfani, ya tambaya tukuna. Wanda kuma hanyarsa kwalta ce da burji mai kyau, ba ya zama a kan kunya, ni ban ga abin da zai kai shi ga wannan ciniki ba.

Mita za ta soma ƙarya

Wannan ya shafi ma'aji da sakatare fiye da direba. Mitar mota juyin taya take ƙirgawa, ba hanya ba. Da tagwaye na biyu, gudun da mita ta saba kira 80 ya zama kusan 88. In ta ce an yi kilomita 100, kusan 110 aka yi. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗin haya daga membobi bisa kilomita za ta riƙa yin asarar kusan kashi ɗaya cikin goma ba ta sani ba. In an saba juye baƙin mai a kilomita 5,000, yanzu sai a juye a 4,500 na mita.

Akwai abin da ya fi wannan zafi. Na taɓa zama a wani kwamiti inda aka tsare direba ana zargin yana zuƙe mai, domin littafi ya nuna motar ta soma shan mai fiye da dā. Bawan Allah yana ta rantsuwa, har ya ajiye mabuɗi a kan tebur. Daga baya aka tuna an sa manyan tayoyi wata uku kafin nan. Gaskiya ne babbar taya tana ƙara shan mai, amma mafi yawan abin da littafin ya nuna kilomitocin da mita ba ta ƙirga ba ne. An ba shi haƙuri, sai dai maganar ta riga ta zaga gari. Ranar da aka sa sababbin tayoyi, a bi hanyar da aka san tsawonta, ko a gwada da wayar hannu mai auna tafiya, a rubuta bambancin a shafin farko na littafin mota.

Tsakanin tagwaye, wili ne alƙali na fari

Tun da tagwaye tsayinsu ɗaya, duk abin da na faɗa a sama ya same su daidai. Abin da ya raba su shi ne faɗi. Tsakanin 235/85R16 da 265/75R16 milimita 30 ne, tsakanin 245/75R16 da 265/70R16 milimita 20.

Kowane wili yana da faɗinsa, an buga shi a jikin ƙarfen. A goge ƙura a duba, za a ga abu kamar 16x6J ko 16x7J. Lambar da ke gaban J ita ce faɗin wilin da inci. Masu ƙera taya sun ƙayyade wilin da kowace taya za ta zauna a kai. 235/85R16 tana zama a kan inci 6 zuwa 7 da rabi. 245/75R16 tana so daga 6 da rabi. 265/70R16 da 265/75R16 suna so daga inci 7. Giwar kuwa daga 7 da rabi.

Wilin motar ƙungiyar nan 16x6J ne. Watau cikin biyar ɗin da aka kawo a takarda, ɗaya ce tak ta dace da wilin da suke da shi. Mai shago bai faɗa musu haka ba, wataƙila shi ma bai tambaya ba. Mai faci zai iya cusa taya mai faɗin 265 a wilin inci 6, za ta kuwa sha iska, na sha gani. Amma wilin ya matse ta, tsakiyarta ya turo, sai ta cinye a tsakiya gefuna suna nan sababbi, a kwana kuma ta riƙa lanƙwasa. In dole sai mai faɗi ake so, to, a sa kuɗin wili biyar cikin lissafi. A kuma yi hankali da wilin kwalliya mai turo taya waje, da faifan da ake sawa a bayan wili domin haka. Suna ɗora wa boris nauyi ta inda ba a shirya shi ba, suna kuma sa taya ta riƙa gugar madigadi in an juya sitiyari.

Akwai wata da ba ta cikin takardar, 215/85R16. Tsayinta 772, watau dangin tagwayen fari ce, tana kuma zama a kan wilin inci 6. Wanda yatsa ɗaya ya ishe shi, ba ya so ya rasa ƙarfin hawa, ya tambaye ta ko za a samu.

Babba ba ita ce mai ɗaukar kaya ba

Wannan ne na fi so 'yan'uwa su riƙe. Bayan lambar girma akwai wata lamba mai harafi a gabanta, kamar 112S ko 120/116Q. Lambar nan ita ce ke faɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka. 110 kilo 1,060 ne. 112 kilo 1,120. 116 kilo 1,250. 120 kilo 1,400. 123 kilo 1,550. Inda aka rubuta lamba biyu, ta fari ce tamu, ta biyun ta motoci masu taya bibbiyu a baya ce.

Tsohuwar tayar motar, 205R16C, lambarta 110. Harafin C a ƙarshe yana nuna tayar motar kaya ce, haka kuma LT in an gan shi a farkon lamba. Ita 265/70R16 da aka nuna wa direba 112 ce, ba C ba LT, watau tayar motar fasinja ce irin ta jif. A ido ta kusa ninka tsohuwar. To, a Amurka ƙa'ida ce in an sa tayar fasinja a motar kaya a raba nauyin da aka rubuta da 1.1, saboda wahalar da motar kaya ke ba taya. In mun bi wannan, 1,120 ya koma 1,018. Ga babbar taya, ga tsada, amma ba ta kai ƙaramar da aka cire ƙarfi ba. Gefenta kuma ya fi taushi, kututturen dawa ko tsinin dutse ba ya shan wuya kafin ya huda shi, facin gefe kuwa ba abin dogara ba ne.

LT235/85R16 da LT245/75R16 masu 10PR lambarsu 120, LT265/75R16 mai 10PR kuwa 123. Sai dai girma ɗaya yakan zo iri biyu. Ana samun 265/75R16 ta fasinja, ana samun ta kaya, suna jingine a shago ɗaya. Wani lokaci amsar tambayar Mama ma'aji ke nan. A karanta lamba, kada a tsaya ga girma.

Har wa yau, iska ce ke ɗaukar kaya, taya jaka ce kawai. LT235/85R16 ba ta kaiwa kusa da kilo 1,400 sai an ba ta iska 80 a geji. A 50 kilo 1,000 take ɗauka, a 45 kimanin 920, a 35 kuwa 770 kacal. In ƙafafun baya suna ɗauke da kilo 1,800, watau 900 kowace taya, iska 35 da masu faci suka saba bugawa ba ta isa ba. Tayar da ba ta da isasshiyar iska, ga lodi, ga kwalta mai zafi a watan Afrilu, takan yi ta lanƙwasa tana ɗaukar zafi har ta fashe. Ba na ce a buga 80 ba. A-kori-kura ba ta bukatar haka, in an yi sai ta riƙa tsalle kamar akuya. Ƙungiya ta sayi gejinta, a auna da safe kafin a taka, a ƙara ranar lodi, a rage ranar da ba kaya.

Kada kuma direba ya ga taya mai ƙarfi ya ɗauka mota ta zama gingimari. Aksul da sifirin da birki na dā ne. Irin motar nan kimanin tan ɗaya take ɗauka har da mutanen da ke ciki, mai ƙofa huɗu takan kasa haka. Buhu 10 na masara masu kilo 100 sun riga sun cinye tan ɗin, kafin a ƙirga direba da yaron mota da mata uku masu zuwa kasuwa.

Irin hanyarku

Jama'a sun ɗauka faffaɗar taya ita ce ta daji. Ba kullum ba. A inda taɓo yake a sama, jar ƙasa mai tauri ko tsakuwa a ƙarƙashi, kamar galibin hanyoyin kudancin Kaduna da Nasarawa da Filato, siririya tana yanka ta isa ƙasa mai ƙarfi ta kama, mai faɗi kuwa takan yi ta sulɓi a sama tana tura taɓo gabanta. Cikin kwarin da manyan motoci suka haƙa ma siririya ta fi samun wuri, ba ta gugar gefuna inda duwatsu da saiwoyi suke. Ba banza ba ne Land Rover da Land Cruiser na aikin daji suka daɗe suna taka 7.50R16, wadda 235/85R16 take kusan kwafinta a tsayi.

A ƙasar rairayi, kamar arewacin Yobe da Jigawa da Sakkwato, ko Damagaram da Maraɗi, ba a son taya ta yanka, so ake ta shimfiɗu. Faɗi yana ɗan taimako, amma babban magani shi ne rage iska zuwa 20 ko kusa da haka, a tafi a hankali. In an rage, sawun taya tsawo yake ƙarawa fiye da faɗi, shi ya sa doguwar taya mai dogon gefe take yin kyau a yashi ko da siririya ce. Tagwaye na biyu gefensu kusan milimita 200 ne dukansu, tsohuwar 205R16C kuwa 164. Sai dai wanda zai rage iska lalle ne ya riƙe famfo a mota, ya mayar kafin ya hau kwalta.

Baƙar laka irin ta wajen Numan da bakin Tafkin Chadi kuwa, in ta sha ruwa sosai, ba ta san lambar taya ba. A jira ta tsane.

A kan busasshiyar kwalta mai faɗi ta fi natsuwa a kwana, siririya mai dogon gefe takan ɗan yi lilo. Ƙungiyar da wilinta inci 7 ne tun can, tafiyarta kuma rabi kwalta rabi yashi, ba zan hana ta LT265/75R16 ba. Wadda ke fama da tuddai da lodi, wilinta inci 7, LT245/75R16 ta fi mata.

Kafin a ƙirga kuɗi

Biyar za a saya, ba huɗu ba. Mota mai jan ƙafa huɗu irin wannan, in an sa giyar daji, gaba da baya ɗaure suke wuri ɗaya, tilas su juya daidai. In safaya gajeriya ce aka sa ta aka shiga giyar daji, kayan ciki ne za su sha murɗiya. A kuma gwada ko sabuwar safaya za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi, a ga ko jak zai iya ɗaga motar har doguwar taya ta bar ƙasa. Bakin hanya da dare ba wurin gano wannan ba ne.

A roƙi mai shago a sa guda biyu a gaba tukuna. A ɗora wa motar kaya, a juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, gaba da ribas. Sa'an nan a hau da ƙafa ɗaya kan tudu ko suri har sifirin ya matse, a tsaya, a ja birkin hannu, a sa dutse, a leƙa. A shafa alli a kafaɗar taya, duk inda ta taɓa zai nuna. In robar kare taɓo ce kaɗai take guga, ana iya rage ta. In ƙarfen jikin mota ne, ko tiyon birki, to, tayar nan ba ta motar nan ba ce.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, galibin tayoyin da ke kasuwanninmu daga waje suke zuwa. Wannan ya jawo abu biyu. Na ɗaya, girman da ba a cika nema ba yakan yi wuyar samu in ɗaya ta fashe, saboda haka a tambayi masu shago biyu ko uku a garin da ya fi kusa ko suna ajiye ta. Na biyu, irin wannan taya takan daɗe a shago. A nemi inda aka rubuta DOT, a bi har lambobi huɗu na ƙarshe. 1524 yana nufin mako na 15 na shekarar 2024. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ta sha yin gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Kamfanonin taya suna ba da wa'adin da ya fi haka tsawo, amma ko ta wane lissafi, ba dalili a biya kuɗin sabuwa a kan wadda ta shekara uku tana shan rana a ƙofar shago. 'Yan Beljiyam kuwa, manya-manyan nan masu kyan haƙora da araha, ba wanda ya san abin da suka taka kafin su iso.

Abin da ƙungiyar ta yi

Direba bai saki giwarsa da sauƙi ba. Ya ce shi ke kwana a daji in mota ta kafe, ba mu ba, wannan kuwa gaskiya ne. Sai da sakatare ya haɗa masa kuɗin taya biyar da wili biyar da ɗaga sifirin, Mama ma'aji ta buɗe littafi ta nuna masa abin da ke akwai, sa'an nan ya yi shiru. Shugaba ya kawo tasa shawara, cewa kunyar da ke zaunar da motar ba ta fi wuri uku ba a duk hanyar, a yi gayya a sassabe ta kafin ruwa ya sauka. Aka karɓi wannan ma.

Suka sayi LT235/85R16 guda biyar a kan wilinsu na dā. Wurin gwaji ta taɓa robar kare taɓo ta gaba, aka rage ta da wuƙa. Safaya ta shiga mazauninta da ƙyar. A tudun da ke bayan rafi direba ya ce motar ta yi nauyin tashi, yanzu da ƙaramar giyar daji yake hawa in akwai kaya, kwamiti kuma ya rage lodin taki daga buhu 18 zuwa 16. A shafin farko na littafin mota Mama ma'aji ta rubuta da jan biro cewa kowace kilomita 10 ta mita a lissafa ta 11.